Kalmar "Lambast" da Takwararta ta Hausa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana ma'anar aikatau ɗin nan na Ingilishi, "lambast", wanda jaridun Nijeriya ke yawan sakawa a kanun labarai, tare da duba kalmar da ta fi dacewa da shi a Hausa. Manomin Lambara, a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, da wuya ya karanta labarin da Ingilishi. Abin da mai fassara ya ba shi ta rediyo shi zai ɗauka.

Asali da Ma'ana

Kalmar ta bayyana a Ingilishi a ƙarni na 17. Masana na ganin haɗi ce ta kalmomi biyu, "lam" da "baste", kowaccensu kuwa tana nufin duka. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce lakaɗa wa mutum dukan kawo wuƙa. Daga baya ne ta koma nufin yi wa wani kakkausar suka da baki ko da alƙalami.

Hausa ma daga jiki ta ɗebo nata kalmomin. "Suka" daga "soka" take, kamar sukar mashi. "Caccaka" kuwa daga "caka" ta fito ta hanyar ninki: an maimaita gaɓar farko, sannan "k" ta nashe ta zama "c". Irin wannan ninki yana nuna yawan aukuwar aiki. Don haka wanda aka soka sau ɗaya aka taɓa shi, wanda aka caccaka kuwa ba a bar masa wuri ba. Wannan ne ya sa "caccaka" ta fi "suka" kusa da "lambast".

Yadda Ake Amfani da Ita

"Caccaka" aikatau ne so-karɓau, ɗan aji na biyu a rabon da Parsons ya yi a 1960, saboda haka wasalin ƙarshensa yakan sauya:

1. Manoma sun caccaki dillalan taki.
2. Manoma sun caccake su.
3. Dillalan taki ne manoma suka caccaka.

A Sakkwatanci, karin harshen Lambara, akan ji "shi yac caccaki dillalai" a maimakon "shi ya caccaki dillalai".

Ya kamata a bambanta ta da maƙwabtanta. Zagi cin mutunci ne, ba ya buƙatar hujja. Zambo muzantawa ce irin ta makaɗa. Habaici yana sakaya wanda ake nufi. Gargaɗi kuma na kowa da kowa ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya tsoratar da azzaluman masu mulki a waƙar "Tabbat Haƙiƙa", wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa. Wannan wa'azi ne. Ita caccaka sai an fito fili da wanda ake nufi da kuma laifinsa, cikin zafin harshe.

Kammalawa

Wajibi ne mai fassara ya auna zafin maganar kafin ya zaɓi kalma. In ɗan majalisa ya yi ƙorafi kan hanyar garinsu, aka ce ya caccaki gwamna, to, an ɗora masa rigimar da bai tayar ba, magoya baya kuwa a kanta za su rabu. Magana zarar bunu ce.