Sanyi Kafin Zafi: Yadda Ake Kula da Targaɗe

Daga Ƙanƙara har ƙauyukan Faskari da Sabuwa, idan ɗan acaɓa ya zame a laka ko matashi ya gurɗe a filin ƙwallo, abin da aka saba shi ne a ɗora ruwa a wuta, a tsoma tsumma a gasa wurin, a bi da man zafi. Yanzu ga jakar roba mai ruwa mai kauri da ake samu a manyan kemis, wadda ake sanyayawa a firiza ko a ɗumama, a yi ta amfani da ita. Jakar ba ta da laifi, inda ake kuskure shi ne lokacin da ake ɗora ta. Sabon targaɗe sanyi yake so, gashi sai bayan kwana 2 ko 3. Dalili kuwa, idan gaɓa ta gurɗe ƙananan hanyoyin jini ne ke tsagewa a ciki, jini da ruwa su taru, wurin ya kumbura. Zafi buɗe hanyoyin nan yake yi, shi ya sa ƙafar da aka gasa da daddare kan wayi gari ta ƙi shiga takalmi. Sanyi kuwa tsuke su yake yi, ya kuma rage raɗaɗi.

Amma shi ma sanyin yana da ƙa'ida. A naɗe jakar a tawul ko ɗankwali, kada ta taɓa fata kai tsaye, domin ƙanƙara na ƙona fata kamar wuta. Minti 15 zuwa 20 ya isa, a ɗaga, sai bayan awa 2 ko 3 a sake, ƙafar kuma a ɗora ta bisa matashi. Abin dariya ne a ce a garin da ake kira Ƙanƙara samun ƙanƙara kan yi wuya saboda rashin wuta, amma ledar fiya wata da ta daskare a firizar mai sola tana yin aikin jakar, in ma babu ita, tsumma da ruwan randa ya fi babu.

Za a ce ai sanyi cuta ne, zai shige ƙashi ya zama ciwon gaɓoɓi. Minti 20 a idon sawu ba ya jawo wannan. Sai dai maganar tana da gaskiya ga wasu: mai sikila kada a ɗora masa ƙanƙara, domin sanyi na tayar masa da ciwo, haka mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, wanda zafi ko sanyi zai cinye masa fata bai sani ba. Akwai kuma ƙorafi daga likitoci kansu. Dokta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara na iya jinkirta warkewa, tunda kumburi na cikin aikin gyaran jiki. A ganina wannan bai halatta gashin ranar farko ba. Abin da ya nuna shi ne sanyi na rage raɗaɗi ne kawai, don haka a taƙaita shi.

Bayan kumburi ya sabe, ko ga ciwon bayan manomi da ya wuni yana huɗa, gashi ya samu wurinsa. A sauke ruwan daga wuta kafin a tsoma jakar, a gwada ta a bayan hannu, a naɗe ta, kuma kada a yi barci a kanta. Jakar da ta huje a jefar, kada yaro ya lashi ruwan cikinta. Ba a ɗora ta a buɗaɗɗen rauni, ƙuna kuwa ruwa mai ɗan sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba. Wanda ya kasa taku 4 da ƙafar, ko gaɓar ta karkace, ko yatsunsa suka yi sanyi suka daina ji, a kai shi babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa a duba ko karaya ce, tun kafin a kai ga maɗori.