Daga Injin Niƙa Zuwa Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk wanda aka taɓa aika kai niƙa a Shanono ya san wannan ƙarar: da an zuba masara da yawa sai injin ya yi kamar zai mutu, can kuma ya farfaɗo da kansa. Ba mai injin ne ya taɓa shi ba. Akwai wata 'yar na'ura a ciki da makanikai ke kira gwamna. In gudu ya ragu ta ƙara mai, in ya yi yawa ta rage.

James Watt ya ɗora irinta a injin tururi a 1788. Sai dai wasu injinan sukan zarce wajen gyara, su yi ta hawa da sauka ba natsuwa. A 1868 James Clerk Maxwell ya bayyana dalilin da lissafi, kuma daga nan ilimin sarrafa na'ura ya kafu.

To, me ya haɗa wannan da manhajar da ke gane cutar ganyen dawa daga hoto? Ita an gina ta ne da kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa: miliyoyin lambobi, hawa-hawa. Wajen horar da ita, a nuna mata hoto, ta yi hasashe, a auna kuskurenta, a ɗan gyara lambobin, a sake. Gyaran ya yi girma, ta yi ta tangaɗi kamar injin da gwamnansa ya lalace. Ya yi ƙanƙanta, a kwana ana jira. Wadda ba ta horu da kyau ba kuwa, sai ta sa manomi ya sayi maganin feshin da ba shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gano lambar da ta jawo kuskuren. Injiniyoyin jiragen sama da roka sun riga kowa. A 1960 Henry Kelley a Amurka, sai Arthur Bryson bayansa, suka nuna yadda ake farawa daga ƙarshen tafiya a dawo baya, ana lissafa laifin kowane mataki. Rumelhart, Hinton da Williams ne suka yaɗa irin wannan dabara a fagen horar da kwamfuta a 1986, kuma Hinton ya samu kyautar Nobel a 2024.

Ginshiƙin dabarar, abin mamaki, ƙa'idar sarƙa ce ta kalkulas, wadda 'yan ajin kimiyya ke haɗuwa da ita kafin WAEC. Mai son zurfafawa, Jami'ar Bayero a Kano tana da sashen mekatroniks.