Shin Ko Kun San Akwai Teburin Da Ke Tura Kaya Da Kansa?

Shin ko kun san akwai teburin da ke haɗe da kwamfuta, wanda kayan da aka ɗora masa ke tafiya ba tare da an sa musu hannu ba? Kada ku ce siddabaru ne. Aikin maganaɗisu ne!

A shekarar 2002, masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Hiroshi Ishii, suka ƙera wani mai suna Actuated Workbench. Maganaɗisun lantarki har 64 aka jera a cikinsa, sahu takwas, kowane sahu takwas. Kwamfuta ta kunna wannan, ta kashe wancan, sai ku ga ɗan faifan da ke bisa teburin ya zame, suuu, ya tsaya cak inda aka aike shi.

Ku saurara, da sauran labari! Idan aka haɗa tebur biyu ta intanet, abin da aka tura a nan sai ɗan'uwansa ya motsa a can. Ku kwatanta 'yan dara biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Damagaram, kowa na ganin 'ya'yan darar abokinsa suna matsawa a gabansa!

A 2010 kuma, Malte Weiss da abokan aikinsa a birnin Aachen na Jamus suka fito da Madgets. Maɓallan dannawa ne da na murɗawa, ana ɗora su kan allo. Babu batir a jikinsu. Babu waya. Babu inji. Amma na murɗawar yana juya kansa, na dannawar kuma yana tasowa sama, don maganaɗisun ƙasa na tunkuɗo shi. Kun ji fa!

Bayan shekara guda suka ƙaro FingerFlux, wanda ni ya fi burge ni. Ɗan mitsitsin maganaɗisu ake maƙala wa mutum a kan yatsa. Tun yatsar tana iska, ba ta kai ga allon ba, zai ji ana janta ko ana ture ta. Allon gilashi sumul yake, makaho ba ya jin maɓallan da ke kansa da yatsa. Da irin wannan dabara kuwa, allon da kansa zai iya yi wa hannunsa jagora.

Can a Taiwan fa? A 2013 Rong-Hao Liang ya nuna GaussBits. Wani siririn faranti mai jin maganaɗisu ake liƙawa a bayan allo. Ɗaga abin wasa mai maganaɗisu sama da gilashin, ya sani. Karkata shi, ya sani!

Kuma kun san tushen wannan farantin? Binciken da Edwin Hall ya yi tun 1879. Shekara 134 ke nan tsakani!

Irin wannan na'ura mai jin maganaɗisu na cikin kwamfutocin cinya da yawa, ita ke sa allo ya mutu da zarar an rufe murfi. Ku rufe taku ku gani, sannan ku ba na kusa da ku labari.