Mai tsire yana tari: cutar za ta bi naman?

Duk wanda ya bi layukan unguwar Hausawa ta New Bell da daddare ya san hayaƙin tukubar masu tsire, abin da mutanen Duwala ke kira soya. Da korona ta shigo Kamaru a watan Maris na 2020, an yi ta jefa tambaya ɗaya a bakin tukuba da teburin mai shayi: in mai nama yana tari, cutar za ta bi naman ta kama mai saye?

Sai an duba halin ƙwayar kanta. Ƙwayoyin mura da na korona ba sa hayayyafa sai a jikin mai rai, kuma hanci da maƙogwaro da huhu suke nema. A kan burodi ko yankan balangu ba sa ƙaruwa, raguwa suke yi. Wata siririyar fata ta kitse ce ta lulluɓe ƙwayar korona, sabulu na narkar da ita, wuta na lalata ta. Zafin digiri 70 da ya ratsa tsakiyar nama ya wadatar. Wadda ta kuɓuta har ta kai tumbi kuwa, ruwan tsamin ciki na jiranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ga shaidar cewa korona na kama mutum ta hanyar cin abinci ba.

Amma fa ana kamuwa a wurin cin abinci, sosai ma. Mutane sun kewaye tire guda a shagon da ba taga, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, ɗaya yana atishawa. Numfashinsa sauran ke shaƙa, tuwo bai yi laifin komai ba. Ga kofin da ke yawo baki zuwa baki, ga hannun da ya share majina ya miƙa gaisuwa, wanda aka gaisar kuma ya murza ido.

Sanyi ne ke tsawaita ran ƙwayar, Duwala kuwa tashar jiragen ruwa ce da kifin ƙanƙara ke shigowa. A Oktoban 2020 hukumomin Sin sun ce sun sami ƙwayar korona da ranta a jikin kwalin kifi a birnin Qingdao. Wannan ya shafi hannun ɗan dako, ba mai cin gasasshen kifi ba.

Murar tsuntsaye ta fi rikita mutane. Da ta ɓulla a gonar kaji ta Mvog-Betsi a Yawunde a Mayun 2016, dubban kaji sun mutu, mutane da yawa suka ƙaurace wa kaza da ƙwai. A ganina tsoron ya sauka inda bai kamata ba. Dafaffiyar kaza ba ta da matsala. Mai yanka da mai figa, waɗanda ke shaƙar ƙurar gashi da kashin tsuntsu, su ne a bakin haɗari. Ɗanyar madara ma abin lura ce, don a 2024 an sami wannan ƙwaya a nonon shanu a Amurka, kuma tafasawa na kashe ta.

Cututtukan da abinci da ruwa ke ɗaukowa da gaske na hanji ne: taifot da kwalara, wadda ta yi wa Duwala mummunar ɓarna a 2004, musamman unguwannin da rijiya ke maƙwabtaka da masai.