Cin rani a ƙetare: takardar inshorar biza ba ta biyan asibitin ma'aikaci

A cikin takardun da matashi ke tarawa idan ya yi niyyar zuwa aiki ƙetare na ƴan watanni, ta inshora, wadda a Nijar aka fi sani da asurans, ita ake bari sai ƙarshe. An yi fasfo, an biya kuɗin jirgi, wani ma sai da ya sayar da babur ko gonar gado. Daga nan sai a ce wa mai haɗa takardu ya samo mafi araha, tunda ta neman biza ce kawai. Ba a sake duba ta sai ranar da mutum ya faɗo daga saman gini, ko inji ya kama masa hannu.

Ƙasashen Turai na yankin Shengen sun fayyace abin da suke buƙata ga mai neman bizar gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin 180. Dole inshorar ta iya biyan aƙalla yuro 30,000, kusan sefa miliyan 19 da dubu 700 ke nan, ta yi aiki a dukkan ƙasashen yankin tsawon zaman, ta kuma ɗauki jinyar gaggawa, kwanciya asibiti, maido da marar lafiya gida da abin da ya shafi rasuwa. Adadin na da girma a ido, amma kuɗin sayenta ba su da yawa, domin kamfani ya yi lissafinsa ne a kan mai yawon buɗe ido ko mai ziyarar dangi. Da yawa daga cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi sun cire aikin ƙarfi ƙarara, kamar gini, aikin gona da hawa sama. Sun kuma cire ciwon da mutum ya taho da shi daga gida, irin su hawan jini da ciwon suga. Wanda ya ji rauni a bakin aiki da wannan takarda a aljihu, kamfanin na iya ƙin biyan ko dala, kuma doka na bayansa.

Kariyar ma'aikaci ta gaskiya, wadda kuma ta fi sauƙin kuɗi, tana cikin kwantiragin aiki. A Italiya, inda Nijar ke cikin jerin ƙasashen da ake karɓar ma'aikatan lokaci daga gare su, izinin aikin gona ko na otal yana kaiwa wata 9, kuma mai gida ne ke biya wa ma'aikaci inshorar haɗarin aiki a hukumar INAIL, shi kuma ya yi rajista a tsarin lafiya na ƙasa. A Faransa katin ma'aikacin lokaci yana ba da damar aikin wata 6 a shekara, mai aikin gona kuma yana shiga asusun MSA. A Saudiyya doka ta ɗora wa kamfanoni masu zaman kansu inshorar lafiyar baƙin ma'aikatansu, tare da kashi 2 cikin 100 na albashi da suke zubawa saboda haɗarin aiki. Dubai ma ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata hakan da dokar 2013. Don haka tambayar da ta kamata a yi wa dillalin aiki kafin a sa hannu ita ce: wane ne zai biya inshora, kuma daga wace rana za ta soma? Dillalin da ya ce a bari sai an isa, ko ya nemi ma'aikaci ya biya abin da doka ta ɗora wa mai gida, ya riga ya nuna halinsa.

Masu shiga Saudiyya da bizar Umara su zauna neman aiki suna cikin wani tarko daban. Bizar na tafe da inshorarta, amma ta mai ibada ce, tana ƙarewa tare da bizar, kuma aiki da ita saɓa doka ne.

Yawancin ƴan cin ranin Tawa, Maraɗi da Damagaram dai ba Turai suke zuwa ba. Ga masu nufar Abijan akwai hanya mai sauƙi da mutane da dama ke sakaci da ita: tsarin CMU na Kodibuwa ya shafi duk mazaunin ƙasar, har da baƙo, a kan sefa 1,000, wato jika guda, kowane wata. Asusun na ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinyar da ke cikin tsarin, marar lafiya ya cika sauran. Ba ya soma aiki ranar da aka yi rajista, shi ya sa ya fi kyau a yi ta da isowa maimakon a jira zazzaɓi.

Akwai gurbin da tsarin lafiyar ƙasar da aka je ba ya cikewa, wato ɗauko marar lafiya ko gawa zuwa gida. Nan ne ƙaramar inshora ta kai ke da amfani, tare da kwanakin da ke tsakanin sauka daga jirgi da soma aiki. Ƙungiyoyin ƴan gari a ƙetare sun daɗe suna toshe wannan gurbi da karo-karo, kuma ga wanda ya bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya ba tare da takardu ba, sau da yawa wannan asusu ne kaɗai abin dogaro. Shiga cikinsa tun da lafiya ya fi a tashi neman taimako a WhatsApp bayan abu ya faru. Masu shakkar inshora ta fuskar addini kuma suna iya tambayar tsarin takaful, wanda aka gina a kan taimakon juna.

Wajen saye, farashi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. A fara da shafin abubuwan da aka cire, wanda a takardun Faransanci ake rubuta wa "exclusions", sai kason da mutum zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. A tambaya ko kamfanin na biyan asibiti kai tsaye, ko sai mutum ya biya a maido masa daga baya. Ga lebura mai jiran albashin farko wannan bambanci babba ne. A faɗi ainihin aikin da za a yi, ko da kuɗin za su ƙaru, domin ɓoye shi na iya rushe yarjejeniyar baki ɗaya.

Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora ta CIMA, kuma sashe na 13 na dokar ya ce yarjejeniya ba ta soma aiki sai an biya kuɗinta. Takardar da ɗan tsakiya ya buga alhali bai kai kuɗin ga kamfani ba, ba ta da wani amfani a asibiti. Kafin a hau jirgi, a karɓi rasit mai sunan kamfanin, a kira lambar agajin da ke jikin takardar a tabbatar lambar yarjejeniyar tana cikin rajistarsu, a kuma bar hotonta a wayar wani ɗan uwa a gida.