Kuɗin gidauniyoyi da rikicin zubar da ciki a kotunan Amurka

Mai karatu, tun ranar 24 ga Yuni, 2022, da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe da Wade na 1973, wanda ya bai wa mata damar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, nake ta tunanin wani abu guda: ina amfanin maƙudan kuɗin da aka kashe wajen gadin wannan hukunci? Ba halacci ko haramcin zubar da ciki nake son tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda kuɗin gidauniya ke gina ƙungiya, da kuma inda ƙarfinsa yake tsayawa.

Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, wadda aka kafa a 1920, ba ta karɓar kuɗin gwamnati. Da gudunmawar mambobi da ta masu hannu da shuni take rayuwa. A 1974 ta buɗe sashe na musamman kan 'yancin haihuwa, kuma lauyar da ta daɗe tana jagorantarsa, Janet Benshoof, ita ce ta kafa Cibiyar 'Yancin Haihuwa a 1992. Gidauniyoyi irin su Ford da Packard da ta Susan Thompson Buffett sun daɗe suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyin wannan fage, lauyoyinsu kuwa suna bin jihohi suna ƙalubalantar dokoki ɗaya bayan ɗaya.

To amma ɗaya ɓangaren ma bai yi barci ba. Gidauniyar Olin ta tallafa wa ƙungiyar lauyoyi ta Federalist Society, wadda ɗalibai suka kafa a 1982. Yayin da waɗancan ke biyan kuɗin shari'a, waɗannan renon alƙalan gobe suke yi. Shekara 40 bayan haka, alƙalai biyar masu alaƙa da wannan ƙungiya suka rushe hukuncin. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin mamaki, a watan Agustan 2022 aka kai maganar gaban masu zaɓe a jihar Kansas, jihar masu ra'ayin riƙau, kusan kashi 59 cikin 100 suka ƙi yarda a cire wannan kariya daga tsarin mulkin jiharsu. Ashe abin da alƙali ya bayar, alƙali na iya karɓewa, amma abin da jama'a suka gamsu da shi yana da wuyar tumɓukewa.

Wannan darasi ya shafe mu, domin gidauniyar MacArthur ta buɗe ofishi a Nijeriya a 1994, ta kuma shafe shekaru tana tallafa wa ƙungiyoyin da ke yaƙi da mutuwar mata wajen haihuwa. Ƙungiyar da mai ba da tallafi ya fi maƙwabtanta saninta, ranar da kuɗin ya tsaya, ranar aikinta zai tsaya. Matanmu kuwa ba za su fasa naƙuda don tallafi ya yanke ba. Allah Ya sa mu gane.