Aji ba bango, ba allo: Ɗalibin Rano da Kibiya zai iya karatu a duniyar kwamfuta?

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya, ɗaliban manyan makarantu 'yan asalin Rano da Kibiya sun tattara nasu-ya-nasu sun koma gida. A birane ana ta zancen karatu ta intanet, amma a ƙauyuka da dama na yankin ko cajin waya sai an kai wa mai janareta. A 2022 kuma yajin aikin ASUU na wata takwas ya sake zaunar da ɗaliban jami'a.

Ɗaya daga cikin mafitar da ake tallatawa ita ce ƙirƙirarriyar duniyar kwamfuta, inda ɗalibi zai shiga da wani mutum-mutumi mai wakiltarsa, ya zauna a aji, ya yi tambaya, har ya shiga ɗakin gwaje-gwaje. Abin ba sabo ba ne. An buɗe dandalin Second Life a 2003, kuma a 2006 tsangayar shari'a ta Jami'ar Harvard ta gudanar da darasi a cikinsa.

Sai dai masana falsafa sun rabu a kai. Hubert Dreyfus na Amurka, a littafinsa na 2001 kan intanet, yana ganin ƙwarewa ba ta samuwa sai ɗalibi yana gaban malami da jikinsa, inda kuskure ke da ciwo da kunya. David Chalmers kuwa, a littafinsa Reality+ na 2022, ya tsaya kan cewa abin da mutum ya fuskanta a irin wannan duniya gaskiya ne, ba ruɗi ba.

Ra'ayin Dreyfus ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar zaure, ɗalibi na jan baƙi malam na fassarawa, yana kuma kwasar ladabi da tarbiyya waɗanda ba a rubuce suke ba. Shi ya sa ake tambayar mai ilimi wa ya karantar da shi.

Muhawarar ta fi shafar Rano, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ke da makarantar fasahar karkara da koyon sana'o'i. Ɗalibi zai iya kwance injin ban-ruwa sau ɗari a kwamfuta ba tare da ya lalata komai ba, kamar yadda matuƙan jirgin sama ke atisaye a na'ura kafin su tashi. Amma kwamfuta ba za ta nuna wa hannunsa taurin ƙusar da ta yi tsatsa ba, kuma manomin rani ba zai biya wanda bai taɓa riƙe sifana ba.

A ɗaya ɓangaren, ga matar aure a Kibiya da ba ta da halin zama a Kano ko Wudil, zaɓin ba tsakanin ajin gaske da na kwamfuta ba ne. Ko na kwamfuta, ko babu. Domin irinta aka farfaɗo da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ke nan na'urar ta riga ta tsaya a ƙofar jami'a. Abin da ya rage wa hukumomi shi ne wuta, intanet mai sauƙin kuɗi da ɗakunan kwamfuta a sakandaren Rano da Kibiya. In babu su, wannan sabon aji ma na 'yan birni ne.